Baba Zagaye da Mota Mai Gira

Akwai wani tsohon direba da duk unguwarsu ke kira Baba Zagaye. Ku gyara zama, 'ya'yana, ku karanta har ƙarshe, don ban yarda da karatun tsallake ba.

Ba a banza sunan nan ya kama shi ba. Mutumin nan ba ya tayar da mota ya kama hanya sai ya zagaye ta. Zai kunna fitilu, ya fito, ya tsaya a gaba ya duba, ya koma baya ya duba. Sannan ya kamo duk wanda ke kusa, mai gadi ne ko mai shara ko baƙo, ya ce masa, "Shiga ka taka mini birki."

Shi kuma yana baya, hannu a ƙugu, yana jiran jan nan ya ƙara ja.

In babu kowa, sai ya ja motar da baya har kusa da bango, ya taka birki, ya leƙa madubi ya ga jan ya zuba a jikin bangon. Daga nan ne zai ce, "Ja biyu. Mu tafi."

Kullum haka. Ko nan da bakin titi za a je.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana tuƙa wata dattijuwa da ake ce wa Inna. Mijinta ne ya ɗauko shi daga garinsu tun kansa babu furfura ko ɗaya. Mijin ya rasu, Baba bai tafi ba. Shi ke kai ta asibiti saboda ciwon gwiwa, shi ke kai ta gaisuwa, shi ya san ramin da ke tayar mata da ciwon baya a kowane titi. Inna ba ta iya barci a mota sai in shi ne a sitiyari. Makullin motar gidan nan shi ne aikinsa, shi ne mutuncinsa, ba shi da wani abin da ya iya a duniya bayan shi.

Inna tana da ɗa guda namiji. Baba ne ya riƙa kai shi makaranta yana ƙarami, har hanci ya sha share masa. Yaro ya girma, ya samu babban aiki, aka koma kiransa Manaja. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Amma yana da cutar nan ta yaran yanzu: in abu sabo ne, to ya fi duk wani tsoho hankali.

Wata rana da hantsi sai ga Manaja ya shigo gida da sabuwar mota.

Kai! 'Ya'yana, motar nan ta haɗu! Launin toka mai duhu, sak kwalta. Babu manyan idanun nan masu kama da faranti irin na motocin da. Wasu siraran fitilu ne a gaba, farare tas, kamar mace ta zauna ta ja gira. A baya kuma jan zare guda ne dogo, daga wannan gefe har wancan. Maƙwabta suka fito, masu aiki suka bar aiki, nan take aka raɗa mata suna Mai Gira.

Manaja yana ta washe baki. Ya ce, "Baba, zo ka ga zamani! In ka juya sitiyari, fitilar tana juyawa ta leƙa maka kwana. In mota ta taho daga gaba, da kanta take sunkuyar da haske don kada ta kashe wa mutum ido. In gari ya yi duhu, da kanta take kunna komai. Ba ruwanka!"

Baba ya tafa hannu. Ya ce, "Ikon Allah! Mu da muka fara da ƙwan fitila ja-ja kamar aci-balbal, in ya mutu a daji ka zaro wani daga aljihu ka murɗa! Yau ga fitila mai leƙen kwana. Wallahi wanda ya ƙera wannan ya yi tunani, kuma zai ceci rayuka."

Ya faɗa da zuciya ɗaya, don shi ba maƙiyin sabon abu ba ne.

Sai ya karɓi makulli, ya tayar, ya fito, ya fara zagaye.

Manaja ya ce, "Haba Baba! Wannan ma?"

"Wannan ma, yallaɓai."

Kwana uku kacal Baba ya yi da motar ya gano abin da mai ita bai sani ba. Ya same shi a falo yana danna waya, ya durƙusa gefe.

"Yallaɓai, yarinyar nan taka tana da kyau, amma tana da ƙarya guda ɗaya."

"Wace yarinya?"

"Mai Gira. Ka ga motocin da, in ba ka kunna fitila ba, allon gabanka duhu ne, ko allurar gudu ba za ka gani ba. Duhun nan shi ke tuna maka. Ita kuwa wannan, kana tayar da ita allon zai haske kamar talabijin, girar gaba ta kama. Sai ka ɗauka komai a kunne yake. Alhali bayanta babu ko ɗigon ja."

Manaja bai ɗago ba. Ya ce, "Na ce maka da kanta take kunnawa."

"In makunnin yana inda ya kamata ba. Akwai ɗan abin murɗawa a gefen sitiyari. Mai wankin mota in ya zo goge ciki, tsummansa yana juya shi ya koma kashe. Sau biyu ina tarar da shi haka."

"To ka mayar mana. Ba aikinka ke nan ba?"

Baba ya ce to, ya tashi. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Abin da ya ɓata komai ya faru ne a ƙofar ofishin Manaja. An yi taro, manyan baƙi sun fito, ana ta yaba Mai Gira. Manaja ya shiga baya ya harɗe, yana jiran a ja mota a bar su da kallo.

Sai Baba ya fito ya fara zagaye.

Ya duba hagu, ya duba dama, babu mai gadi a kusa. Sai ya dubi wani babban baƙo mai ƙaton ciki da agogon zinariya, ya ce masa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, don Allah ɗan shiga ka taka mini birki."

Wuri ya fashe da dariya! Mai ƙaton cikin har da riƙe gwiwa. Ya ce, "Manaja, ina ka samo wannan? Mota irin wannan ana zagaya ta kamar akuya a kasuwa! Ka sayi motar gobe, ka ba direban shekaranjiya!"

Manaja ya yi dariyar yaƙe.

Da suka isa gida, ya miƙa hannu. "Ba ni makullin."

Baba ya miƙa.

"Baba, ka tsufa. Ka koma gida ka huta. Motar nan ba ta bukatar irin tuƙinka, ni da kaina zan riƙa ja."

Inna ta jiyo daga ɗaki, ta fito tana dafa bango. Ta ce, "Kai yaro, me kunnena ke ji? Mutumin da ya goya ka?"

"Inna, ya kunyata ni a gaban mutane."

"Birki ya ce a taka, ba wuyanka ba!"

Amma Manaja ya kafe. Shi ke riƙe da gidan yanzu, Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe, bai sauya ba. Ni dai na faɗa, ɗan da uwarsa za ta yi magana sau uku bai ji ba, akwai abin da ke jiransa a hanya.

Aka sa ranar tafiyar Baba. Sai ta zo daidai da ranar da Inna za ta je garinsu duba ƙanwarta da ke kwance. Gari ɗaya, hanya ɗaya, tafiyar awa huɗu.

Inna ta ce, "To ai sai mu tafi da shi, ko ba komai ya sauka a ƙofar gidansa."

Manaja ya ce, "Babu wuri. Kaya sun cika."

Ƙarya ce. Kujerar baya babu komai sai filon Inna.

Da safe mai wanki ya zo ya wanke Mai Gira ciki da waje, har tana ɗaukar ido. Baba yana tsaye da jakarsa guda da 'yar tocilan ɗinsa, yana kallon tsumman nan yana yawo a gefen sitiyari. Ya matso.

"Yallaɓai, kafin ku tashi, makunnin nan..."

"Baba, na sallame ka ko ban sallame ka ba?"

"Ka sallame ni."

"To a sauka lafiya."

Baba ya durƙusa ya yi wa Inna sallama. Ita sai ta juya fuska. Ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha.

A tasha ya tarar motar garinsu ta cika ta tashi. Sai wani direban babbar motar kaya, ana ce masa Dogo, ya hango shi zaune a kan jaka. Dogo irin mutanen nan ne masu baki kamar rediyo, amma cikinsu fari.

Ya ce, "Tsoho, ina zuwa? Ko matar ce ta koro ka?"

Baba ya ce, "Mota ce ta koro ni, ɗana."

"To hau wadda ba ta kora. Buhunan siminti na ɗauko, ba sa hira. Ka taya ni."

Suka kama hanya bayan azahar. Su Manaja kuwa sun tsaya saye-saye, sun tsaya shan mai, don haka ba su yi wani nisa ba.

Bayan la'asar sai hadari ya haɗo. Kafin ka ce me, gari ya rufe, rana ta ɓace kamar an hura fitila. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ga hanyar siririya, mota ɗaya ta zuwa, ɗaya ta dawowa. Ga wani wuri da ake gyara, taɓo ya malalo kan kwalta, kowace mota ta wuce sai ta yi wanka da shi.

A cikin Mai Gira, allo yana ta haske, gira tana ta walƙiya a kan ruwa. Manaja ya rage gudu, ya matso da fuska kusa da gilashi.

Inna ta ce, "Ka kunna fitila kuwa?"

"Inna, ba ki ga haske ba? Da kanta take yi."

"Ni dai na ga hanyar da duhu."

"Ruwa ne."

Ba ruwa ba ne kaɗai. Girar nan an yi ta ne don a gan ka da rana, ba don ka ga hanya ba. Manyan fitilun suna kashe. Baya kuwa babu komai. Mota launin kwalta, a kan kwalta, cikin ruwa, taɓo ya shafe lambarta da 'yan abubuwan nan masu ƙyalli. In ka taho daga baya, wallahi babu mota a wurin.

Dogo yana tafe da nauyin siminti, waifa tana ta kai da komo a kan gilashi, yana ba Baba labarin surukarsa. Baba yana ta gyaɗa kai, amma idonsa na kan hanya. Direba ko an kore shi, idonsa ba ya ajiye aiki.

Sai ya ga wani abu. Wani ɗan fari-fari a ƙasa, can gaba, yana tafiya a kan ruwa. Haske ba mai shi.

Ya daka tsawa, "Birki! Dogo, birki!"

"Me ka gani?"

"Taka!"

Dogo ya taka. Babbar mota ta yi kuka, ta yi girgiza, buhuna suka yi gaba, bayanta ya nemi ya juyo. Sai ga baƙin abu ya fito daga cikin ruwa a gaban hancinsu, kusa har Dogo ya ɗauke ƙafafu kamar zai hau kujera. Saura taku biyu!

"Innalillahi! Wane mahaukaci ne wannan? Mota babu danja! Aljani ne ko mutum?"

Baba ya manna fuska a gilashi. Ya san faɗin bayan nan. Ya san filon da ke leƙowa ta gilashin baya, shi ya saya da hannunsa.

Ya ce a hankali, "Inna ce a ciki."

"Wace Inna?"

"Uwar ɗakina. Ɗanta ke tuƙi, shi ya sallame ni."

Dogo ya dube shi baki buɗe. "Wanda ya kore ka? To madalla! Bari in wuce shi in zage shi tas, in bar shi da halinsa."

Ya kai hannu zai sa sigina, Baba ya riƙe hannun.

"Ɗana, in ka wuce shi, wa zai tsaya a bayansa? Kai ka tsaya saboda muna ido huɗu. Na bayanka ido biyu gare shi, kuma ya fi ka gudu."

"To ni ne gadinsa?"

"Yau dai kai ne danjarsa. Don girman Allah. Kunna sigina biyu, ka zauna a bayansa."

Dogo ya yi tsaki mai tsawo. Ya ce, "Tsoho, kai wane irin mutum ne? An kore ka da safe, da yamma kana gadin bayan wanda ya kore ka." Amma ya danna. Fitilun babbar mota suka fara ƙiftawa hagu da dama lokaci guda, ta zauna daram a bayan Mai Gira kamar kaza a kan ƙwai.

Suka yi masa hon. Suka ba shi wuta, suka ɗauke, suka sake ba shi.

A ciki Manaja ya dubi madubi ya ƙufula. "Ji ɗan rainin hankali! Hanya ta ubansa ce? Ya ga sabuwar mota, baƙin ciki ya kama shi."

Inna ta ce, "Wataƙila magana yake yi maka."

"Wace magana direban siminti zai faɗa mini?"

Ya ƙara gudu. Dogo ma dole ya ƙara, yana zagi yana salati a haɗe.

Baba ya zaro 'yar wayarsa mai madannai, ya kira. Wayar Manaja ta yi ƙara, suna ya fito a allon mota ɓaro-ɓaro.

Inna ta ce, "Baba ne! Ɗauka!"

"Roƙo zai yi in mayar da shi." Ya katse.

Baba ya sake kira. Manaja ya katse. Sau biyar! Wayar Inna kuwa tana cikin jaka a but ɗin mota, tana ta kuka ita kaɗai.

Ana cikin haka sai ga wata doguwar motar fasinja ta taho daga baya a guje, cike da mutane. Direbanta ya gaji da bin babbar mota mai ƙifta ido. Ya leƙo, ya fito, ya jera da Dogo.

Can gaba kuma, ga fitilu biyu sun ɓullo daga kwana. Mota na tahowa.

Mai doguwar mota ya duba gaban Dogo. Me ya gani? Fili. Duhu da ruwa, wuri sarai da zai shige. Ya sa sigina zai faɗo.

Daidai inda Inna take zaune!

Baba ya yi ihu, "Dogo, zai shiga kansu! Ba shi duka! Haska ta!"

Dogo ya ɗaga manyan fitilunsa gaba ɗaya, ya kwanta a kan hon. Baba ya sauke gilashi, ya fitar da rabin jikinsa cikin ruwan nan, tsoho mai shekara sittin da ɗoriya, hula ta tafi, yana kaɗa tocilan yana nuna ƙasa, yana ihun da babu mai ji. Dogo ya saki sandar giya ya damƙo bayan rigarsa da hannu ɗaya.

"Za ka faɗi, tsoho!"

"Riƙe ni dai!"

Hasken ya sauka a kan Mai Gira, ta fito fili kamar an yaye mata zane. Mai doguwar mota ya gan ta a lokacin da hancinsa ya riga ya karkato. Ya fizge sitiyari! Motar ta yi layi, fasinjoji suka kwashe da salati, ta goga madubin Manaja ta tafi da shi, ɓaras! Mai tahowa daga gaba ya sauka gefen hanya yana watsa taɓo. Doguwar mota ta kutsa ta tsakiya da ƙyar, ta wuce tana hon kamar za ta tsage.

Faɗin tafin hannu, 'ya'yana. Abin da ya raba Inna da lahira ke nan.

Gaba kaɗan akwai gidan mai. Manaja ya faɗa ciki, ya taka birki, ya fito ko injin bai kashe ba. Babbar mota ta shigo ta tsaya a bayansa.

Manaja ya nufe ta yana nuna yatsa. "Sauko! Sauko in ga ubanka! Ka kashe mini ido da wuta, ka sa an fasa mini madubi!"

Dogo ya diro, ya fi shi tsawo da kai guda, yana naɗe hannun riga. "Yau zan koya wa ɗan gayu karatu."

Sai ɗaya ƙofar ta buɗe. Baba ya sauko a hankali, babu hula, riga ta manne a jiki, ruwa na zuba daga gemunsa. Ya shiga tsakaninsu.

Manaja ya ja baya. "Kai? Kai ne? Don na sallame ka shi ne ka ɗauko babbar mota ka biyo ni ka hallaka ni?"

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kada ka taɓa komai a cikin motar. Zagaya."

"Me?"

"Zagaya, yallaɓai."

Inna ta sauke gilashi. Ta ce, "Ka ji abin da ya ce. In ni na haife ka, zagaya."

Masu sayar da mai sun taru, masu fakewa ruwa sun matso. Manaja ya dubi uwarsa, ya dubi mutane. Ya taka zuwa gaba. Gira na nan tana haske, fara tas, kyakkyawa.

Ya ce, "To ga shi! A kunne take!"

Baba ya ce, "Ba ka gama ba."

Ya bi ta gefe, ya wuce madubin da ya karye, ya isa baya.

Ya tsaya.

Babu komai. Baƙin ƙarfe da taɓo. Injin na aiki, gaba na walƙiya, baya kamar kabari. Shi da yake tsaye taku uku da motar, da ƙyar yake ganin inda ta ƙare.

Dogo ya ce, "Haka ka yi tafiyar awa guda. Ni ban gan ka ba, tsohon nan ne ya gan ka. Ni na so in wuce in bar ka, shi ya riƙe mini hannu. Sau biyar yana kiranka. Rabin jikinsa a waje, ina riƙe da rigarsa kamar ɗan akuya!"

Baba ya zura hannu ta taga, ya kama ɗan makunnin nan na gefen sitiyari, ya murɗa shi sau ɗaya. Ƙyas.

Manyan fitilu suka buɗe, gidan mai ya haske. A baya kuma jan zaren nan ya kama daga gefe zuwa gefe, ya zuba a fuskar Manaja.

Manaja ya zauna daɓas a cikin ruwan, da rigarsa mai tsada, ya rufe fuska. Babban mutum yana kuka kamar ranar da aka fara kai shi makaranta.

Babu wanda ya yi dariya. Har Dogo ya yi shiru, abin da matarsa ma ba ta taɓa gani ba.

Inna ce ta fasa shirun. Ta buɗe ƙofa, ta sauko da ƙafa ɗaya. Ta ce, "Kai mai tsawo, zo ka ɗaga ni ka ɗora a kan simintinka. Ni da motar nan, sai in Baba ne a gaba."

Dogo ya ce, "Inna, ai sai dai ki zauna a kan buhu."

"Na zauna! Buhu ba ya katse waya."

Manaja ya tashi. Ya ciro makulli daga aljihu, don Mai Gira ba a soka mata makulli, ya zo gaban Baba, ya durƙusa har ƙasa, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ka faɗa mini a falo, ban ji ba. Ka faɗa mini da safe, na kore ka. Ka yafe mini. Ba don na isa ba."

Baba ya dube shi. Ya ce, "Motarka ba ta da laifi, yallaɓai. Ta fi duk wadda na taɓa tuƙawa. Amma ita ma ba ta ganin bayanta. Tashi, ƙasa da sanyi."

Ya karɓi makullin. Ya je ya ɗauko jakarsa daga babbar mota, ya riƙe hannun Dogo da hannu biyu, ya sa masa albarka har Dogo ya fara sosa ƙeya yana cewa siminti na jiransa.

Baba ya shiga ya zauna a sitiyari, ya gyara kujera. Manaja ya kama ƙofar baya zai shiga.

Baba ya ce, "A'a. Yau ni zan taka. Je ka duba mini."

Manaja ya koma baya cikin ruwan, a gaban kowa, ya sa hannu a ƙugu ba tare da ya sani ba. Baba ya taka birki. Ja ya ƙara ja.

Manaja ya ɗaga murya har masu mai suka ji, "Ja, Baba! Ja har ƙarshe!"

Baba ya ce, "Mu tafi."

Kafin su fita daga gidan man, Inna ta jawo filonta. Ba su yi tafiyar minti goma ba ta yi barci.

Darasi: Hasken gabanka kai yake yi wa daɗi, amma hasken bayanka shi ke hana a taka ka, kuma ba za ka taɓa ganinsa daga inda kake zaune ba. Wanda ya faɗa maka abin da ke bayanka ba maƙiyinka ba ne, ko tsoho ne, ko a ƙarƙashinka yake ci. Ku masu sababbin motoci, kada allo mai haske ya ruɗe ku. In hadari ya haɗo ko rana ta yi ƙasa, ku duba makunni da idonku, ku sauko ku zagaya, ƙafarku ba za ta karye ba. In na bayanku ya dame ku da wuta da hon, ku tsaya ku ji kafin ku zage shi. Kada ku karanta ku yi shiru. Ku tura wa duk mai riƙe sitiyari a gidanku, ku fara da wanda ya fi kowa cewa ya sani.